Hanya Biyu a Wuyan Hauwa'u

Litinin, 6 ga Oktoba, 1958, bayan la'asar

Hauwa'u. Hauwa'u. Hauwa'u. Sau uku ke nan na faɗa, ba wanda ya ji ni! Littafin nan tun ran da na gama ajin Yaƙi da Jahilci aka ba ni shi, shekara guda yana kwance ƙarƙashin rigar sallah, yau ranarsa ta zo. Ɗiyar fari ce, saboda haka ba ni da bakin kiran sunanta, ba ni da hannun ɗaukarta, in an yi zancenta a gabana sai in dubi ƙasa kamar wanda aka kama da akuyar mutane. Amma a nan zan faɗa son raina. Ni Mode, barunje ɗan barunje, mahauci a kasuwar Wurno, na zama uba, kuma murna na neman fasa mini ƙirji.

A Rabah aka yi suna, gidan iyayen matata Ma'u, inda take wankan jego. Ragon ni na kiwata shi wata biyar da dusa da harawa, da aka feɗe shi kitse har ya rufe ƙoda. Ni kuwa na ɓuya a rumfar wani abokina bayan kasuwa yadda ake yi, ina ta kunna kunne. Da aka zo aka ce mini an raɗa, na ce "To," na ci gaba da sakace haƙori.

Ban gan ta ba tukuna. An ce tana da gashi.

Alhamis, 9 ga Oktoba, da azahar

Na ɗaure ƙafafun bijimi huɗu da kanwa da kayan yaji a bayan keke na kai Rabah. Iyakata zaure. Surukina Baba Abdulƙadiri yana gyaran taru, na durƙusa na gaishe shi, muka yi zancen gero da gulbi da komai ban da abin da ya kawo ni. Surukuwata Inna Kaltume ta aiko daga ciki a ce wa "mai nama" an gode. Haka take kirana, ba ta taɓa kama sunana ba.

Sai na ji ta! Kuka siriri daga bayan zana, sai shiru, alamar an ba ta mama, sai tari. Tari ƙanƙane, kyaf kyaf kyaf, ya daɗe kafin ya tsaya. Ko tarin ma daɗi ya yi mini, don nata ne. Na taka keken nan zuwa gida ina waƙa, har na wuce Dinawa ban sani ba.

Lahadi, 12 ga Oktoba, da yamma

Kasuwar Goronyo. Na yanka sa biyu da awaki tara, tun da Malam mahaifina ya tsufa ni aka bar wa wuƙa. Na ga wata 'yar munduwa ta azurfa, ko babban yatsana ba zai shiga ba. Na saya na ce ta ɗiyar maƙwabcina ce, mai sayarwa ya yi ta dariya.

Talata, 14 ga Oktoba, bayan la'asar

Akwai wata kafa a zanar bayan gidansu, wajen turken jaki. Ni da Ma'u muka gano ta tun kafin aure, yau ta sake yin amfani. Ta zo zubar da ruwan wanka, na yi gyaran murya, ta matso.

Na ce, "Yaya baƙuwar?"

Ta ce, "Ni dai tsoro nike ji. In ta kama mama, kamin ta haɗe ukku sai ta ƙware, ta yi baƙi awa an shaƙe ta. In ta yi kuka kuma cikin nan nata shi kumbura, in ka taɓa awa ganga."

"Inna ta ce mi?"

"Cewa tay yi hakin wuya na. Jiya wanzami ya zo ya cire."

To ai shi ke nan! Hakin wuya wa bai yi ba? Na ce ta kwantar da hankalinta, na tura mata munduwar ta kafa. Na roƙe ta ta ɗago mini yarinyar in gani ko ƙafa ce, ta ce ba ta da kunya ne? Ita ma a gaban mutane sai an matsa mata take ɗaukarta. Muka yi dariya ƙasa-ƙasa, jaki ya tona mana asiri, na gudu.

Alhamis, 16 ga Oktoba, da hantsi

Ina zaure na ji ana yi mata ɗura. Na san yadda ake yi, ni ma haka aka yi mini: a kwantar da jariri bisa cinya, a tara dauri a tafin hannu a bakinsa, a toshe hanci, dole ya haɗiye. Inna ta ce tun da ba ta shan mama sosai, dauri ne zai buɗe mata ciki, safe da yamma. Na ji ƙululu ƙululu, na ji tari, sai na daina jin komai. Baba Abdulƙadiri ya tsayar da allurar tarunsa. Ban san tsawon lokacin ba. Sannan ta yi kuka, ya ci gaba da ɗinki, ni kuma na ga na karya tsinken da ke hannuna gida huɗu.

Asabar, 18 ga Oktoba, bayan magariba

Zazzaɓi. An kai ta wajen Malam Attahiru na ɗakin shan magani, ya ce ciwon haƙarƙari ne, ya fara allura. Ba ni da abin rubutawa.

Laraba, 22 ga Oktoba, da azahar

Ta warke! Ta warke! Malam Attahiru da bakinsa ya faɗa mini a bakin kasuwa, ya ce jikin ya yi sanyi, numfashi ya daidaita. Na rungume shi da rigar aiki, na shafa masa jini a farin kwat ɗinsa, bai ji daɗi ba. Na naɗe masa tsoka mai kyau a ganye na ce ya kai gida. Allurar nan ta Turawa, ko a bayan idonsu zan yaba mata.

Ya ce abu ɗaya ne bai gane ba. Kwana uku da take kwance ya hana a ba ta komai sai nonon uwa a cokali, kaɗan-kaɗan, a zaune, kuma tarin ya ragu ƙwarai. Na ce ai allura ce. Ya ce wataƙila.

Lahadi, 26 ga Oktoba, Goronyo, ban san ko ƙarfe nawa ba

Bari in rubuta kafin ya tsere mini.

Jiya Ma'u ta ce mini an koma ɗura kuma tarin ya dawo. Da shi na kwana, da shi na tashi. Ɗazu ina feɗe wani bunsuru na jawo kayan wuya kamar kullum. Abu ne da na riƙe ya fi sau dubu. Hanya biyu ce manne da juna: maƙogwaro mai zobe-zobe da ke kai iska huhu, da ja mai laushi a bayansa da ke kai abinci tumbi. Tsakaninsu fata ce da ba ta kai kaurin ganyen albasa ba. Sai wuƙata ta zame ta huda su biyun tare, abin da ke cikin hanyar abinci ya tsiyayo cikin maƙogwaro.

Na tsaya ina kallo har Sarkin Pawa ya ce, "Mode, halan bunsurun ga ya yi maka magana?"

To in an haife ta da irin hudar nan fa? In ta sha, ya bi ta hudar ya faɗa huhu, ta ƙware. In ta yi kuka, iska ta bi ta hudar ta cika ciki, ya kumbura. Duka biyun! Abu ɗaya ya kawo duka biyun! Wallahi sai da na yi tsalle a mahauta da wuƙa a hannu, mutane suka ja da baya. Na gane! Ni da ban taɓa ganin fuskarta ba na san abin da ke cikin wuyanta.

Sai a kan hanyar dawowa na tuna da ɗura, safe da yamma, a kwance, hanci a toshe. Na sauka daga keke na zauna a gindin wata ƙirya.

Talata, 28 ga Oktoba, da la'asar

Na gaya wa Ma'u ta kafar zana. Ta saurara har ƙarshe, ta ce ta yarda, don ita ma ta lura in ta ɗaga ta tsaye bisa ƙirji ta fi sha. Na ce to ta hana ɗura.

Ta ce, "Ni in hana Inna? Bisa ɗiyar hwari? Da wane baki?"

Na ce Baba fa? Ta ce Baba ba ya shiga sha'anin mata. Na ce to ni zan faɗa. Ta ce, "Kak ka soma. Don Allah kak ka soma."

Da zan fita gari na hangi Inna Kaltume a rumfar masu yadi tana auna farin ƙyalle, ɗan kaɗan, bai fi kamu biyu ba. Ta naɗe ta sa a ƙasan kwando ta rufe da ganye. Ban ga komai ba. Na ce ban ga komai ba.

Alhamis, 30 ga Oktoba, da yamma

Na yi abin da ba a yi.

Jumma'a, 31 ga Oktoba, bayan an sauko

Ga yadda aka yi. Ina zaure jiya da hantsi na ji an fara, ƙululu ƙululu, sai shirun nan. Na ƙirga a zuci har goma sha biyar. Ban san na tashi ba, sai gani na na yi a tsakar gidan surukaina da takalmi a ƙafa, mata na ta jan mayafi suna salati. Inna na zaune bisa turmi da yarinyar a cinya. Na fizge ta daga hannunta. Na kife ta bisa damtsena yadda ake yi wa ɗan akuyan da aka haifa da majina, na bubbuga bayanta, ruwan dauri ya fito ta hanci da baki. Ina ta kiran sunanta da ƙarfi, duk unguwa ta ji. Sai ta ja numfashi.

Haka na fara ganin ɗiyata. Launin da na gani a leɓenta ba zan rubuta shi ba. Amma gashin gaskiya ne, kuma kunnuwan nawa ne sak, ga munduwar a hannunta. Ba ta kai nauyin ƙafar rago ba. Ina riƙe da ita ina jin tsoro, ina kuma jin wani daɗi da ban taɓa ji ba, har kunya ta kama ni saboda daɗin.

Inna ba ta dube ni ba. Da bango ta yi magana. Ta ce, "Ɗiya goma sha ɗaya nir rena da hannun ga, duk da ɗura. Yau barunje za shi koya man reno? A gaya ma mai nama shi aje ɗiyag ga shi hita. Kuma naman nai ya ishe mu."

Na miƙa wa Ma'u ita na fita. Baba Abdulƙadiri bai amsa sallamata ba.

Asabar, 1 ga Nuwamba, da safe

An toshe kafar zana da sabon kara.

Lahadi, 2 ga Nuwamba, da la'asar

Ban je Goronyo ba. Na je wajen Malam Attahiru na zana masa abin a ƙasa da tsinke. Ya daɗe yana kallo, ya shiga ya ɗauko wani littafi na Turanci ya yi ta juyawa, ya ce a makarantarsu ta Zariya an taɓa ambata irin wannan, amma shi bai taɓa gani ba. Bai ce na yi hauka ba! Ya ce zai roƙi Baba a ba ni zama ɗaya a zaure gobe. Na ce ba da baki zan yi bayani ba, ni bakina ba ya mini aiki a gaban manya. Zan zo da abin da na iya.

Litinin, 3 ga Nuwamba, bayan la'asar

Kai, yau rana ce!

Na yanka tunkiya da asuba, na zare kayan cikinta a haɗe tun daga wuya, maƙogwaro da huhu da hanyar abinci da tumbi, ban raba ko ɗaya ba. Na wanke tas. Na huda tsakanin hanyoyin biyu na sa gindin gashin agwagwa mai rami a ciki, na ɗaure da zare. Na sa a ƙwarya na rufe, na taka zuwa Rabah.

A zaure akwai Baba da Malam Attahiru. Inna ta ce ba za ta fito ba, amma ina ganin yatsun ƙafarta a ƙarƙashin asabarin ƙofa. Na shimfiɗa kayan a faifai. Na kama maƙogwaro na hura, huhu ya tashi, sai ga tumbi ma yana ɓuɓɓuga yana tasowa. Baba ya ce, "La ilaha illallahu." Na ce, "Wanga shi na kukanta, Baba." Sannan na kwantar da shi, na tara ruwa a tafin hannu na ɗura a hanyar abinci, yadda ake yi. Na matsa huhun a hankali. Ruwa da kumfa suka fito ta maƙogwaro suka jiƙa faifai.

Sai asabari ya ɗaga. Inna Kaltume ta fito ta tsuguna a gabana, abin da ba ta taɓa yi ba, ta ce, "Sake."

Na sake. Ta ce in ba ta. Da hannunta ta ɗura, da hannunta ta matsa, kumfar ta taɓa mata yatsu. Ta ɗaga shi tsaye ta ɗiga kaɗan-kaɗan, ta matsa, kusan ba abin da ya fito. Ta fi ni saurin ganewa ma. Ta daɗe tana duban tafin hannunta, sannan ta ce, ba da kowa ba, "Ashe ni ka zuba mata ruwa cikin huhu. Sahe da marece."

Na zo da niyyar in yi nasara, kuma na yi, amma da na ga fuskar tsohuwar nan na so a ce ƙarya nake. Na ce, "Inna, ba ki sani ba, kowa haka shi ka yi." Ta ce, "Yi shiru." Ta tashi ta shiga, muka ji ta kife tukunyar dauri a bayan ɗaki.

Malam Attahiru ya rubuta takarda zuwa ga likita a Sakkwato. Ran Alhamis akwai mota.

Alhamis, 6 ga Nuwamba, Sakkwato, da yamma

Mun iso. Inna ce ta riƙe ta tsaye bisa ƙirji tun daga Rabah, ko gyangyaɗi ba ta yi ba. Likitan Bature ne dogo mai jan wuya, yana jin Hausa irin ta Kano. Ya karanta takarda ya ce wane ne mahaucin? Na ce ga ni. Ya ce in sake faɗa masa. Na faɗa, har da gashin agwagwa. Ya yi dariya har ya cire tabarau, amma ba dariyar raini ba. Ya sa an zura mata 'yar roba siririya ta hanci har ciki, a riƙa ba ta nonon uwarta ta nan ya wuce wurin. Tun azahar ba ta yi tari ba. Tun azahar! Ta yi barci da baki buɗe, na tsaya a taga ina kallo, ba wanda ya kore ni.

Asabar, 8 ga Nuwamba, da azahar

An yi mata hoton ƙirji jiya da wani farin ruwa. Yau likita ya kira ni ya ɗaga hoton a hasken taga. Ga hanya biyu, ga wani ɗan zare fari ya tsallaka daga wannan zuwa waccan. Ya ce, "Ga gashin agwagwarka." Na ce Allahu akbar! Na fita da gudu in gaya wa su Ma'u, ina cewa na faɗa, ai na faɗa, sai da ma'aikaci ya biyo ni ya ce likita bai gama ba.

Ba magani na sha, ba allura. Sai an yanka an ɗaure hudar. Shi ba ya yin irin wannan aikin, sai wani babban asibiti can Kudu, kwana biyu a jirgin ƙasa. Ya ce ba zai ɓoye mini ba, waɗansu na tashi, waɗansu ba sa tashi, in kuma an bar ta haka ciwon haƙarƙari zai yi ta dawowa har ya gama da ita. Na ce ta ina za a yanka? Ya kwantar da kanta gefe, ya ja yatsa a wuyanta, ƙasa kaɗan, ta dama.

Na san wurin. Kowace safiya nan nake laluba da babban yatsa kafin in ce bismillahi.

Ya ba ni takarda in sa hannu. Ma'u ta rufe fuska. Na dubi Inna, karo na farko a rayuwata ido cikin ido, ta gyaɗa kai. Na rubuta sunana.

Litinin, 10 ga Nuwamba, da hantsi

Sun tafi. Takardar jirgi ta mutum biyu ce, mai jego kuwa sai da mace, saboda haka Inna ce ta bi su. Mota zuwa Gusau, daga nan jirgi. Matar da ba ta taɓa wuce Sakkwato ba ta ɗaure ƙwarya da garin kunu da tabarma kamar mai zuwa Makka. Na leƙa kwandonta da nake ɗora shi bisa mota. Farin ƙyallen yana nan a ƙasa, a naɗe. Na mayar da ganyen yadda yake.

Za ta ga jirgin ƙasa kafin ubanta, 'yar wata ɗaya da kwana goma sha biyu!

Alhamis, 13 ga Nuwamba, Wurno

Sun isa yanzu, in Allah ya so.

Lahadi, 16 ga Nuwamba, Goronyo, da azahar

An kayar mini da ɗan maraƙi, na sa yatsa na laluba wurin, na ɗaga wuƙa. Sai na miƙa wa Lawwali abokin aikina na ce ya yanka, hannuna na ciwo. Sarkin Pawa ya dube ni. Fiɗa kawai na yi yau.

Alhamis, 20 ga Nuwamba

Shiru.

Lahadi, 23 ga Nuwamba

Shiru. Hannuna na ciwo har yanzu. Na kai wa Baba Abdulƙadiri hanta, muka zauna a zaure mu biyu, ya ba ni allura na taya shi gyaran taru. Na ɓata masa ido uku, bai yi faɗa ba.

Laraba, 26 ga Nuwamba, bayan la'asar

Waya ta zo! Malam Attahiru ya tako keke da kansa har Wurno, kwat ɗinsa duk gumi. Daga likitan Sakkwato take, kalma biyar, ya fassara mini: an yi aiki, tana raye. Na ce ya sake karantawa. Ya sake. Na ce ba a ce ta warke ba? Ya ce ba a ce ba. Na ce ba a ce tana sha ba? Ya ce Mode, abin da ke jikin takarda ke nan. Na raba tsire kyauta ga duk wanda ya wuce, har da waɗanda ba na shiri da su. Tana raye. Ran da aka bugo wayar dai tana raye.

Lahadi, 7 ga Disamba

Kwana goma sha ɗaya ba wata waya. Malam Attahiru ya ce rashin labari ba komai ba ne. Na daina tambayarsa, don ya fara kauce mini a hanya.

Alhamis, 11 ga Disamba

Na tari motar Sakkwato a Rabah. Buhunan gishiri da wani ɗan doka.

Alhamis, 18 ga Disamba, bayan magariba

Na sake zuwa tashar Rabah, ban gaya wa kowa ba. Motar ta iso bayan la'asar. Na tsaya nesa, bayan masu rake, don in ba daidai ba kada a ga fuskata. Mutane suka yi ta sauka. Sai ga Ma'u, ta rame, tana riƙe da tabarma. Na dubi bayanta. Ba goyo. Na dafa kafaɗar mai rake, bawan Allah ya zaci saye zan yi.

Sai yaran mota suka kamo hannun Inna tana saukowa da baya, a hankali, mayafinta ya yi tudu.

Ban motsa ba. Ita ta hango ni. Ta ratso tsakiyar tasha, gaban 'yan dako da masu rake da rabin garin Rabah, ta tsaya a gabana ta kwance goyo, ta ce, "Mode, karɓi ɗiyarka." Sunana ta kama. Na karɓa. Ta yi nauyi! Ba roba a hanci. Ta dube ni da idanun nan kamar tana tambaya wane ne wannan mai warin kitse.

Inna ta ce wa mai shayi ya ba ta dafaffen ruwa a kofi da cokali, ta hura har ya huce, ta miƙo mini. Ta ce, "Ba ta." Na ce, "Inna, a bari a je gida." Ta ce, "Ba ta, nic ce."

Na ba ta cokali ɗaya. Na ji ya wuce a ƙarƙashin yatsana. Na jira. Na ƙirga har goma sha biyar, har talatin. Na ba ta na biyu, na uku, ta kama cokalin da dasashi ba ta son saki. Ma'u na kuka tana dariya, ni kuwa ban san abin da fuskata ke yi ba, kuma ban damu da wanda ya gani ba.

Sannan na ɗaga haɓarta na duba. Tabon bai kai tsawon ɗan yatsana ba, ƙasa kaɗan, ta dama, a miƙe, ba gargada ko ɗaya. Wanda ya yi shi ya san aikinsa, kuma hannunsa bai yi rawa ba. Shekara goma sha shida ina sa wuƙa a wurin nan, sai yau na ga wuyan da aka yanka ya tashi ya sha ruwa.